Jan Layin da Ke Kafaɗar Gendis

"Wace ce ita?"

Danu, wanda take kira Mas don girmamawa, bai ko gama kafe babur ɗinsa ba Ratri ta jefo masa tambayar. Tana tsaye a bakin rumfar abincin kakarta, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da ludayin miyar gyaɗa.

"Ko sallama ba za ki bari in yi ba?"

"Ka je ka yi wa wadda kake goyawa a babur! Mai jan mayafi, mai dariya tana rufe baki."

Ya cire hular kwano a hankali, ya dube ta.

"Malama Intan ce. Asibiti ɗaya muke aiki."

"Aiki! A rumfar mai romon taliya ta bayan makarantar sakandare kuke aikin naku? Laraba uku a jere, Mas Danu. Uku! Matar mai faci ta gan ku, ta faɗa wa mai sayar da gas, yanzu duk unguwa in na wuce sai a yi shiru."

"Ratri, zuciyata, ki ba ni zuwa Asabar. Na yi alkawari ba zan yi magana ba sai..."

"Wa ka yi wa alkawarin? Namiji ko mace?"

Da wani ne da ya zaɓi amsar da za ta kwantar da ƙura. Danu kuwa tun da aka haife shi bai iya ƙarya ba.

"Mace."

Ta ajiye ludayin. Ta murɗa zoben baikonta har sai da yatsan ya yi ja, ta jefa shi cikin hular da ke hannunsa.

"To ka kai mata. In ya yi mata girma ta sa zare."

Saura kwana goma sha tara a ɗaura musu aure. An raba katin gayyata, an yi wa mai kiɗa magana, mahaifiyar Ratri ta samu hutun mako biyu daga Taiwan inda take jinyar wani tsoho. Bayan biki kuma Danu zai ɗauke amaryarsa su koma Banyuwangi, garin mahaifiyarsa, inda aka mayar da aikinsa na jinya. Daga garinsu Ponorogo zuwa can tafiyar yini guda ce a mota.

Ratri ba ta iya kishi kaɗan-kaɗan ba. Kafin magariba ta nemo shafin Malama Intan a waya, ta kalli hotunanta tun daga na bana har na shekara shida baya. Ta ƙara girman hancin matar ta duba. Ta yanke hukuncin cewa hancin ba wani abin a zo a gani ba ne, sannan ta kifa kai a matashi ta yi kuka, domin ita kanta ta san hancin yana da kyau.

Ƙanwarta Gendis na zaune a ɗayan gadon da littafi a cinya, sanye da rigar sanyin nan mai dogon hannu da ba ta rabuwa da ita ko ana zafin da ke narka mutum.

"Ke ba za ki ce komai ba?" in ji Ratri. "Ai burinki ya cika. Mai allurar naki ya tafi."

Gendis ta ɗago da sauri. "Kun ɓata?"

"Yana da wata."

"Ba shi da wata."

"Ke kika sani? Yaushe kika zama lauyarsa? Ba ke ce kika zuba masa gishiri a shayi ranar da suka zo neman aure ba?"

Yarinyar ta kawar da kai. Ta ja hannun rigarta ya rufe har yatsu, ta tashi ta fita.

Shekarun Gendis goma sha biyar. Tana da huɗu mahaifiyarsu ta hau jirgi, tana da shida mahaifinsu ya tafi wani gari da sunan neman aiki, ya sami aikin da mata da sababbin 'ya'ya. Tun daga nan Ratri ce ke yi mata wanka, ita ke taje mata kai, ita ke zuwa taron iyaye a makaranta. In sanyi ya shige ta kuwa, Ratri ce ke kwantar da ita rub da ciki, ta shafa mata man zafi, ta kankare mata baya da gefen kwandala har jan layi ya fito jere-jere, kamar yadda kowa ke yi wa nasa a garin. Kerokan ake kiran wannan, kuma na Ratri har maƙwabta sun san shi.

Bara sanyi ya riƙa shigar Gendis kusan kowane mako. Ba tari, ba zazzaɓi, sai dai ta zo da kwandala da kwalbar mai ta tsaya a kan yayarta.

"Mbak, yayata, ki yi min."

In an fara kuma sai ta ce, "Ki ƙara dannawa."

Da hidimar biki ta kankama, Ratri ta fara cewa anjima, ta koma cewa gobe. Daga baya yarinyar ta daina tambaya. Wata safiya Ratri ta hango jan layi a saman kafaɗarta tana sauya riga, sai ranta ya sosu. Wato ta koma wajen kakarsu kenan, an nuna mata ba ita kaɗai ce mai hannu ba. Ta yi fushinta ita kaɗai, ba ta tanka ba.

Talata ta wuce Danu na kira ana kashe masa waya. Ranar Laraba da azahar, bayan masu cin abincin rana sun watse, Ratri ta zauna dakan gyaɗar gobe, tana buga taɓarya kamar turmin ne ya yi mata laifi. Kakarsu, Mbah Sumi, tana gefe tana tsinke ganye.

"Turmin nan ya girme ki, ki bi shi a hankali," in ji tsohuwar. "Ke komai naki da ƙarfi. Haka kike yi wa 'yar mutane."

"Wace 'yar mutane?"

"Ƙanwarki mana. Na ga kafaɗarta rannan tana fitowa daga wanka. Kerokan ake yi ko fiɗa? Har fata ta ɓare! Na so in yi miki magana, na ga kanki ya ɗau zafin biki."

Ratri ta tsayar da taɓarya.

"Ni? Mbah, rabona da taɓa bayan Gendis wata huɗu. Ai ke kike yi mata."

Tsohuwar ta ɗaga hannayenta biyu, yatsun a kumbure, a karkace.

"Da waɗannan? Tun kafin azumi ko maɓallin riga ba na iya sawa."

Suka kalli juna.

"To... ko wata ƙawarta ce?" in ji Mbah Sumi, muryarta ta yi ƙasa.

Gendis ba ta da ƙawar da za ta cire riga a gabanta, su biyun sun sani. Abubuwa suka riƙa faɗo wa Ratri ɗaya bayan ɗaya. Rigar sanyi a tsakiyar zafi. Rigimar da aka sha da tela, yarinyar ta kafe sai an yi wa rigarta ta biki hannu mai kauri, ba ta son leshi mai nuna fata. Daɗewa a banɗaki da ƙofa a kulle. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ko hannu ba ta wanke ba ta hau babur ɗinta.

Ta isa makarantar su Gendis daidai an tashi. Mai gadi ya ce yanzun nan ya ga Gendis ta bi ta ƙofar baya. Ratri ta zagaya, sai ga ta a gaban rumfar mai romon taliya, sai ga babur ɗin Danu a kafe. Shi kuma yana zaune a benci a waje shi kaɗai, da kofin shayin da ya huce.

Ya miƙe. "Ratri..."

Ba ta kula shi ba, ta ɗaga labule. Can ƙurya, bayan buhunan gawayi, mai jan mayafi na zaune. A gabanta Gendis ce, ta naɗe hannun rigarta har sama, tana magana, tana magana ba tsayawa, matar na gyaɗa kai. Ratri ta manta rabon da ta ji kalma goma a jere daga bakin ƙanwarta.

Ta ga hannun. Yanka ne da yarinyar ta yi wa kanta, na jiya da na watanni, wasu sun warke, wasu an rufe da bandeji. Ta dafa bango.

Gendis ta juyo. Ta zabura, ta finciko hannun rigar.

"Ka faɗa mata! Ka yi min alkawari!"

"Bai faɗa min ba!" in ji Ratri. "Ba wanda ya faɗa min komai. Ni ce bare a nan."

Malama Intan ta miƙe, ta jawo kujera. "Zauna, Mbak Ratri. Ni ce mai zama da matasa a asibitinmu, muna hira kan abin da ke damunsu. Gendis ta ƙi shiga ofishina don kada 'yan unguwa su gan ta, shi ya sa muke haɗuwa a nan. Ba ni da abin hawa, Danu ke kawo ni. Ranar Asabar muka shirya zuwa gida, da bakinta take so ta sanar da ke."

Ya kamata Ratri ta ji kunya, ta kuma ji sanyi a ranta cewa ba a ƙwace mata miji ba. Amma wani kishin ne ya taso ya danne na farko, wanda ya fi shi zafi nesa ba kusa ba.

"Shi kika faɗa wa?" ta ce da Gendis, tana nuna ƙofa. "Mutumin da ko gaisuwarsa ba ki amsawa? Da wannan da kika sani mako uku? Ni fa? Ni da na goya ki har bayana ya ƙage?"

"Ban faɗa masa ba. Ciwon ne ya yi ruwa, na je asibiti ranar da na ɗauka ba ya nan. Ashe ya yi musayar aiki da wani."

"Da ba don haka ba shi kenan? Sai in tafi Banyuwangi ban sani ba?"

"Eh!"

"Me na yi miki, Gendis?"

"Ba ki yi komai ba! Tafiya kawai za ki yi, kamar kowa!" Hawaye ya ɓalle mata. "Ranar neman aurenki an tambayi Mbah. An kira Mama a waya an tambaye ta. Har Baba da bai san ajin da nake ba an kira shi! Ni kuwa aka ce in kawo shayi. In ya zo sai fuskarki ta yi haske, ni rabon da ki kalle ni haka na manta. Na tsane shi, Mbak. Na tsani kaina da na tsane shi, don bai yi min komai ba. Abin sai ya cika min ƙirji har in kasa numfashi. Da, in kika yi min kerokan, sai ya sauka. Kina zaune kusa da ni, kina min faɗa, yana sauka..."

"Na ce miki gobe," in ji Ratri a hankali.

"Kin ce gobe."

Ratri ta durƙusa a ƙasan rumfar, kan ƙasa mai maiƙo, ta rungume ƙafafun yarinyar.

"An fasa. Kin ji? Babu inda za ni. An fasa auren."

Gendis ta ture ta.

"Kin gani? Kin gani, Malama? Abin da na ce za ta yi kenan! Shi ya sa na ɓoye! Sai a ce saboda ni Mama ta ƙi zama da mu don ta biya makarantata, saboda ni kuma Mbak ta rasa miji. In kika fasa ba zan yafe wa kaina ba har abada!"

Ratri ta zauna dirshan a ƙasa. In ta tafi ta cuce ta, in ta zauna ta cuce ta. Malama Intan ta dafa kafaɗarta.

"Ba yau za a warware komai ba. Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki sa ta rantse za ta daina, kada ki koma bincike mata jaka. Kuma kada ki yi mata ƙarya don ki lallashe ta, tana ganewa. Ku bar mana minti goma mu ƙarasa."

Ratri ta fito. Har a lokacin tana jin haushin yadda matar ta san ƙanwarta fiye da ita.

Danu na tsaye jikin babur. Ta tsaya nesa kaɗan, ta kasa haɗa ido da shi.

"Ka bar ni na zage ka a gaban mutane."

"Na sha wanda ya fi wannan a wajen masu tsoron allura."

"Kada ka ba ni dariya, Mas, ba na so." Ta share hanci da bakin mayafi. "Wata guda ka san ƙanwata na cikin wannan hali kana kallona ina zaɓen kalar labule."

"Kullum sai na ɗauki waya in kira ki. Amma na gaya mata tun ranar farko, in na ga ranta na cikin haɗari ba zan jira minti ɗaya ba. In ba haka ba na ba ta wata guda. Duk wanda ta yarda da shi ya tafi ya bar ta, Ratri. Ban so in zama na farkon da ya tona ta."

"Ba zan iya bin ka Banyuwangi ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Ni kuma ba zan iya fasa zuwa ba. Mahaifiyata ba ta da kowa sai ni, kin san yadda ƙafarta take."

"Na sani."

"Shekara nawa ya rage mata ta gama makaranta?"

"Biyu da rabi."

Ya furzar da iska, ya kalli sama. Ta ga idonsa ya kaɗa.

"Za a ɗaura aure ranar da aka sa. Ki zauna a nan. Ni zan riƙa zuwa duk ƙarshen wata."

"Mahaifiyarka ba za ta yarda ba. Ta gyara ɗaki, ta sayi katifa..."

"Za ta yi fushi. Za ta daɗe tana yi. Ni ma ba daɗi nake ji ba, kada ki ɗauka waliyyi ne ni. Ina kishin yarinyar nan kamar in yi ihu. Ta riga ni samunki, kuma ga shi ta sake yin nasara."

Ratri ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Ta miƙa masa hannu ba ta kalle shi ba.

"Ba ni abina."

"Na ɗauka kin ce in kai wa..."

"Mas Danu!"

An ɗaura aure ranar da aka sa. Mahaifiyar ango ta zauna a kujerar gaba fuska a ɗaure, ko a hoto ba ta yi murmushi ba. Mahaifiyar Ratri, da aka zaunar da ita aka yi mata bayani, kwana biyu ta yi tana kuka tana cewa laifinta ne, har sai da Mbah Sumi ta ce mata ta yi shiru ta je ta zauna kusa da 'yarta, kukan ba ya warkar da kowa. Hutunta ya ƙare ta koma.

Kwana takwas bayan biki, da safe, Ratri da Gendis suka raka Danu tasha. Ratri ta cusa masa kwalbar miyar gyaɗa a jaka, ta gyara masa wuyan riga sau uku.

"Na duba shafin sabon asibitin naka," in ji Gendis. "Ma'aikatan jinya mata goma sha ɗaya ne. Bakwai ba su da aure."

"Gendis!" in ji Danu. "Kina so a kashe ni?"

"Bakwai?" in ji Ratri.

Yaron mota ya buga ƙofa. Danu ya riƙe hannun matarsa ya matse, ya shiga. Suka tsaya har motar ta sha kwana. Nan ƙarfin halin Ratri ya ƙare, ta zauna a kan dakalin tasha ta rufe fuska. Amaryar kwana takwas, lallen hannunta bai ko goge ba.

Gendis ta zauna a gefenta, ta bar tazara tsakaninsu.

"Kina jin haushina, Mbak?"

Kalmar a'a ta zo har bakin Ratri, ta haɗiye ta.

"Ina jin zafi. Ina son mijina kusa da ni. Amma ni na zaɓa, ba ke kika zaɓa min ba. Ko an dawo da motar nan baya, nan za ki same ni."

Yarinyar ta murza bakin hannun rigarta.

"Shekaranjiya da safe abin ya taso min. Sosai. Ban yi ba. Na zo ƙofar ɗakinku na tsaya, na ji kuna dariya, sai na zauna a ƙasa na jingina da bango har ya lafa."

Ratri ta sauke hannu daga fuskarta.

"Me ya hana ki ƙwanƙwasa?"

"Amarya ce ke."

Ratri ta matso, ta jawo kan ƙanwarta ta ɗora a kafaɗarta. Jikin yarinyar ya sandare na ɗan lokaci, sannan ya saki.

"Daga yau ki ƙwanƙwasa."

"Ko yana nan?"

"Ko yana nan."